Zanon: Masana'antar Tayil da Ma'aikata Suka Tayar Bayan Maigida Ya Kashe Wuta

Tanderun gasa tayil ya sha bamban da murhun girki, wanda ake kashewa da dare a hura da safe. Dogon rami ne na ƙarfe da bulo, zafinsa ya haura digiri 1,000, tayil na shiga ta baki ɗaya ɗanye yana fita ta ɗayan a gashe, dare da rana, ba Lahadi ba ranar hutu. Shi ya sa da masu kamfanin Zanon suka sa aka kashe tanderu a farkon Oktoban 2001, ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Ma'aikata sun gane cewa maigida ya gama da su. Maimakon su kama hanyar gida, sai suka zauna a masana'antar suka ce ba inda za su.

Masana'antar tana bakin garin Newuken, babban birnin lardin Newuken da ke arewacin yankin Patagoniya na ƙasar Ajantina, lardi mai iska da sanyi da arzikin mai da gas. Luigi Zanon, ɗan kasuwa ɗan asalin Italiya, shi ya buɗe ta a wajen 1980, zamanin mulkin soja. Filin na gwamnati ne, an ba shi rance daga asusun jama'a, an kuma yi masa rangwame a kuɗin gas. A shekarun 1990, lokacin shugaba Carlos Menem, ya ƙara cin bashi, har da na IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, ya sayo injina daga Italiya, masana'antar ta shiga sahun manyan masu yin tayil a Kudancin Amurka. A riƙe wannan batu na dukiyar jama'a, domin daga baya shi ne ya zama hujjar ma'aikata mafi ƙarfi.

Daga waje abin sha'awa, daga ciki kuwa kurkuku. Kowane sashe da launin rigarsa, ta yadda heluma zai hango ka daga nesa idan ka taka inda ba naka ba. Shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta masu aikin tayil a lardin bakinsu ɗaya da kamfani, wanda ya kai musu ƙorafi yau gobe ya ga takardar sallama. Da magana ta gagara a cikin masana'anta, sai wasu matasa suka ƙirƙiro gasar ƙwallon ƙafa ta ranar Lahadi, kowane sashe da ƙungiyarsa. A bakin fili, bayan an tashi wasa ana cin gasasshen nama, mai aikin niƙa yumɓu ya san mai aikin tanderu, suka gano ciwonsu ɗaya ne. A 1998 waɗannan matasa suka ci zaɓen wakilan ma'aikata na cikin masana'antar, a ƙarshen 2000 kuma suka karɓe ƙungiyar ƙwadagon baki ɗaya, Raúl Godoy ya zama babban sakatare.

Na daɗe a kan wannan ne da gangan. Masu ba da labarin Zanon sukan fara daga ranar da aka mamaye masana'anta, kamar abin ya faɗo daga sama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara uku suka yi suna koyon zama a taro, suna koyon yanke shawara da ɗaga hannu, suna gane waye mai riƙon amana a cikinsu, tun kafin ranar ta zo.

Abin da ya haɗa kansu gaba ɗaya mutuwa ce. A Yulin 2000 wani matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ba motar asibiti, ba likita, tukunyar iskar numfashi da ke ɗakin shan magani kuma ba ta aiki. Ya rasu. Abokansa suka tsayar da injina sama da mako guda har sai da kamfani ya ajiye motar asibiti da ma'aikatan jinya. Daga nan tsoro ya fita daga zukatan mutane.

Wata biyar a bakin ƙofa

Shekarar 2001 ta shigo da jinkirin albashi. Kamfani na cewa ba kuɗi, motoci kuwa na fita maƙare da kaya. Ma'aikata suka yi yajin aiki na sama da wata guda, suka ce in da gaske ake asara a buɗe musu littattafan kuɗi su gani. Ba a buɗe ba. Sai kashe tanderu a Oktoba. Kotun ƙwadago ta lardin ta yanke cewa kamfani ne ya rufe ƙofa ba bisa ƙa'ida ba don ya karya ma'aikata, ta kuma ba da izinin sayar da kashi 40 cikin 100 na tayil ɗin da ke sito a biya albashin da aka riƙe. A ƙarshen Nuwamba maigida ya aika wa mutum kusan 380 takardun kora. Suka ɗauki takardun zuwa ƙofar gidan gwamnati suka cinna musu wuta, 'yan sanda suka tarwatsa su, aka kama wasu.

Ƙasar ma a lokacin tana kan rugujewa. Tun farkon shekarun 1990 an ɗaure feso ɗaya, kuɗin ƙasar, daidai da dala ɗaya, abin da ya sa kayan waje suka yi araha masana'antun gida suka yi ta mutuwa. A Disamban 2001 gwamnati ta ƙayyade wa mutane cirar kuɗinsu daga banki zuwa feso 250 a mako. Jama'a suka fito kan titi suna kaɗa tukwane, aka kashe sama da mutum 30, shugaba Fernando de la Rúa ya yi murabus ranar 20 ga wata ya bar fada a jirgi mai saukar ungulu. A 2002 fiye da rabin 'yan ƙasar sun faɗa talauci. Wanda aka kora a irin wannan lokaci ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa.

Suka kafa tantuna a bakin masana'anta, a gefen babbar hanya. Suna sayar da ɗan tayil ɗin da kotu ta ba su, suna bin unguwanni da makarantu da motocin haya suna bayyana wa mutane halin da ake ciki, suna karɓar taliya da shinkafa da mai. Har fursunonin wani gidan yari da ke kusa suka tara abincinsu na kwanaki suka aiko musu. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi: mutumin da ke tsare, abincinsa ma awo ake yi masa, ya ce a kai wa waɗanda ke waje.

Kayan sito na ƙarewa, sadaka kuma ba ta riƙe gida har abada. A watan Maris na 2002 taron ma'aikata ya yanke shawarar da ta canja komai. Suka buɗe gas da hannunsu, suka hura tanderu, suka fara aiki ba manaja, ba injiniyoyin kamfani, ba izinin kowa. Ba su kai mutum 300 ba.

Aiki ba maigida

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to wa ke ba da umarni? Taro ne. Kowane sashe, daga niƙa zuwa matsa zuwa fenti zuwa tanderu zuwa tantance kaya, yana zaɓen jagoransa. Jagoran ba ya barin injinsa, kuma duk ranar da mutanensa suka ga ya karkace sai su sauke shi. Jagororin sukan zauna kowane mako su daidaita aiki. Lokaci zuwa lokaci, kusan sau ɗaya a wata, akan ware yini guda kowa ya hallara, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a yi muhawara, a ɗaga hannu. Wanda ke goge ƙasa yana da ikon ya tambayi nawa aka sayi yumɓu, kuma dole a ba shi amsa. Da farko kowa feso 800 yake ɗauka a wata, ba babba ba yaro. Daga baya aka ɗan ƙara wa masu daɗewa a aiki, amma tazarar ba ta taɓa yin faɗi ba. A 2005 suka gyara tsarin mulkin ƙungiyar ƙwadagonsu yadda shugaba ba zai dawwama a ofis ba, in ya gama wa'adinsa ya koma bakin inji.

Wahalar farko ba a wajen sarrafa injina take ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wahalar tana ofis. Mutumin da ya yi shekara 15 yana duba zafin tanderu yau an ce ya je ya yi ciniki da masu sayar da sinadarin fenti, ko ya tsara lissafin kuɗi. Masu kawo musu kayan aiki da yawa sun janye, wasu don tsoron tsohon maigida, waɗanda suka rage kuma sai kuɗi hannu. Ba su da rajistar da za su rubuta rasit da ita, sai da ƙungiyar Iyaye Mata ta Dandalin Mayo, matan nan da sojoji suka ɓatar da 'ya'yansu, ta ara musu inuwarta suka riƙa sayar da kaya. Malaman Jami'ar Comahue da ke garin suka taimaka da tsare-tsare da horo. Al'ummar Mapuche, 'yan asalin yankin, waɗanda ake haƙar yumɓu a ƙasarsu, suka ba ma'aikata yumɓu da yardarsu. Ma'aikata suka rama da fitar da tayil mai zanen Mapuche da sunayen jarumansu, a madadin sunayen Italiya da aka saba liƙawa.

A watannin farko abin da suke fitarwa bai wuce murabba'in mita 30,000 a wata ba. Zuwa 2005 sun haura 300,000. Yawansu ya tashi har ya wuce 450, kuma sababbin farko da suka ɗauka daga ƙungiyoyin marasa aikin yi suka fito, waɗanda suka kwana da su a bakin ƙofa lokacin tsanani. A lissafin ma'aikatan, haɗurran aiki sun sauka daga wajen 300 a shekara zuwa talatin da 'yan kai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan inji ya fara wani irin ƙara, mai shi yana iya tsayar da shi ba tare da tsoron a zaftare masa albashi ba.

Kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla. Taro yana cin lokaci, yana cin rai. Akwai masu son a mai da hankali kan tayil kawai, akwai masu ganin in ba a fita zanga-zanga tare da malamai da ma'aikatan asibiti ba, ranar da aka zo korarsu ba wanda zai fito. Akwai mai makara, akwai mai fashin aiki, kuma hukunta abokinka da kuka sha hayaƙi mai sa hawaye tare ya fi hukunta baƙo ciwo. Dole ta sa suka rubuta wa kansu dokokin da'a, suka kuma yi aiki da su.

Ranar 8 ga Afrilun 2003 aka zo da umarnin kotu a fitar da su. Ma'aikata suka hau rufi da danƙo da ƙananan duwatsun injin niƙa. Amma abin da ya hana a shiga shi ne dubban mutanen gari da suka tsaya a bakin ƙofa, malamai da ma'aikatan gwamnati kuma suka shiga yajin aiki a ranar. Gwamnatin lardi ta gwamna Jorge Sobisch, wadda ba ta taɓa ƙaunarsu ba, ta ga ba riba a zubar da jini, masu kawo umarnin suka juya. Barazana ba ta tsaya ba, a 2005 har an sace matar wani ma'aikaci aka yi mata rauni da wuƙa aka sake ta. Taken da suke rerawa shi ne Zanon ta jama'a ce, kuma sun riƙe shi da gaske: suna ba makarantu da asibitoci da gidajen abincin marasa ƙarfi tayil kyauta, a unguwar Nueva España da ke maƙwabtaka da su kuma, inda mutane suka yi shekara 20 suna roƙon gwamnati ɗakin shan magani, suka gina shi cikin wata uku.

Shekara takwas ba takarda

A nan ne, a ganina, aka yi musu illar da ba ta warke ba, kuma ba da kulki aka yi ta ba.

Abin da ma'aikatan suka nema tun farko shi ne gwamnati ta karɓi masana'antar ba tare da biyan ko sisi ba, tunda da dukiyar jama'a aka gina ta, ta bar musu gudanarwa, ta kuma riƙa sayen tayil don gina gidaje da makarantu. Ba su so zama ƙungiyar gama-kai ba, domin sun hango cewa hakan zai jefa su kasuwa su kaɗai su yi kokawa da manyan kamfanoni. Doka ce ta tilasta musu, a 2004 suka yi rajistar FaSinPat, gajeren suna na kalmomin Sifaniyanci masu ma'anar masana'anta ba iyayen gida. A 2005 kotu ta ayyana kamfanin Zanon ya karye, ta ba FaSinPat riƙo na shekara ɗaya, daga baya ta ƙara uku. Sai a Agustan 2009, zamanin gwamna Jorge Sapag, majalisar lardin ta kaɗa ƙuri'a 26 da 9 ta amince a ƙwace masana'antar a miƙa musu, gwamnati ta biya manyan masu bin bashi wajen feso miliyan 23: IFC, da kamfanin SACMI na Italiya mai ƙera injina, da wata hukumar ba da rance ta lardin kanta. Miƙa takardun mallaka ma sai da ya ƙara cin shekaru.

A duba waɗanne shekaru ne suka wuce a wannan jira. Daga 2003 zuwa 2008 tattalin arzikin Ajantina na bunƙasa, ana gine-gine ko'ina, tayil na tafiya. Lokacin sabunta injina ke nan. Abokan gasarsu suka ci bashi suka sayo sababbin tanderu masu shan gas kaɗan da injinan zane na zamani. Su kuwa wane banki zai ba da rance ga mutanen da riƙon wucin gadi kawai ke hannunsu, ba su da abin jingina? Suka ci gaba da lallaɓa injinan 1980 da 1990, ana cire ƙarfe daga mataccen layi a rayar da wani. Shekara da shekaru suna neman rancen sabunta injina daga gwamnatin tarayya, ana yi musu alkawari, kuɗin bai zo ba.

Akwai kuma abin da zan ɗora a kansu, duk da ina jin nauyin faɗinsa. Rarar da suka samu a shekarun albarka mafi yawanta ta tafi ne wajen ɗaukar sababbin ma'aikata da kyauta ga jama'a. Wannan shi ya saya musu kariyar gari, ba don shi ba da tun 2003 an fitar da su. Amma inji yana tsufa kowace rana, ko da maigida ko babu. Maigida yakan ware kuɗin sabon inji saboda kwaɗayin ribar gobe. Taron mutum 400 masu iyali, waɗanda albashinsu da ƙyar yake kai ƙarshen wata, yana da wuya ya ɗaga hannu a kan a rage na yau don injin da za a saya bayan shekara biyar. Duk wanda zai kwaikwayi Zanon ya kamata ya rubuta wannan kaso a tsarin mulkinsa tun ranar farko, yadda ko taro ba zai taɓa shi da sauƙi ba.

Da Mauricio Macri ya hau mulki a Disamban 2015, aka zaftare tallafin gas da lantarki, kuɗinsu ya ninka sau da yawa, aka sassauta shigo da kaya, gine-gine suka ja baya. Ga masana'antar da gas ne abincinta, mai tsofaffin tanderu masu haɗama, wannan bugu ne a maƙogwaro. Bashin makamashi ya taru, layuka suka yi ta tsayawa, abin da ake rabawa a ƙarshen wata ya ragu, mutane da yawa suka tafi neman abinci a wani wuri. Waɗanda suka rage suka koma tare hanya suna neman a sassauta musu kuɗin gas, kamar yadda suka fara.

Duk da haka, mutanen da aka kora a 2001 sun ci abinci daga wannan masana'anta, sun yi wa 'ya'yansu makaranta, shekaru masu yawa bayan ranar da maigida ya ce ta mutu. Ba su kaɗai ba ne kuma. Wani shiri na Jami'ar Buenos Aires mai ƙidayar irin waɗannan wurare ya lissafa 311 a ƙarshen 2013, da ma'aikata sama da 13,000, yawancinsu ƙanana: maɗaba'u, masu ƙera ƙarfe, masu sarrafa abinci, otal, makarantu. A Newuken ma wasu masana'antun tayil sun bi sahu.

A shekarar da ma'aikatan Zanon suka hura tanderu, 2002, a shekarar ce aka rufe masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna. Ma'aikatanta sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, injina kuma aka bar su a kulle suna tsatsa. Ba na cewa da sun shiga sun zauna da masaƙar ta rayu. Matsalar lantarki da baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ba ta san waye mai masana'anta ba, kuma labarin gas na Zanon ya nuna hakan. Abin da ke damuna shi ne ko zancen bai taso ba. Mun san aikin gayya, mun san adashi, ma'aikatunmu cike suke da ƙungiyoyin gama-kai masu ba da rance da sayo shinkafar azumi, amma idan wurin aiki ya mutu sai mu tsaya a waje muna jiran wanda ya gudu ya dawo ya biya.

A 2011 Ajantina ta gyara dokarta ta karyewar kamfanoni, kuma gwagwarmaya irin ta Zanon ce ta jawo gyaran. Yanzu idan kamfani ya karye, ma'aikata na iya kafa ƙungiyar gama-kai su nemi alƙali ya bar su su ci gaba da aiki, sannan albashi da kuɗin sallamar da suke bi a lissafa su a matsayin kuɗin sayen injinan. Bashin da ƙila ba za a taɓa biyansu ba ya zama jarinsu. Wannan sashe nake so in ga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa sun ɗauka sun kai Majalisar Tarayya, tare da sharaɗin cewa a ba da takardar mallaka cikin watanni. Manyan masaƙun Kakuri wataƙila lokacinsu ya wuce, amma a Sharaɗa da Bompai da Challawa akwai injinan casar shinkafa da na matsar mai da na roba da ƙananan maɗaba'u da ake rufewa, ma'aikatansu na bin albashin watanni, kuma su ne suka san kowace ƙusa a jikin injinan.